Sawun Taya a Bakin Kanal

SHAFI NA 19

Ku yi haƙuri jama'a, na ga saƙonninku tun jiya, har da mai cewa za ta zo ƙofar gidanmu ta shimfiɗa tabarma sai na rubuta. Rezo ne ya ƙi, waya ba ta kama intanet ba. Ga waɗanda suka shigo yau: mun baro Fadila da yayanta Shamsu da amininsa Kalibu ɗan Tsibiri sun fito daga Maraɗi da sassafe, atisayen ƙarshe kafin tseren keke na hanyar tsakuwa da za a yi daga Jiratawa zuwa Tsibiri. Shamsu ya taka ya bar su a baya, ya ce su haɗu a babban famfo. To bismillah.

*

Babu kowa a babban famfo.

Fadila ta matse burki, tayar baya ta ja tsakuwa kafin keken ya tsaya. Ta sauke ƙafa ɗaya tana haki, ta gyara hijabinta da ya zame ƙarƙashin kaske, hular kwanon masu keke. Injin famfon na ta ƙugi, ruwa na kwarara cikin kanal ɗin siminti yana bin gonaki. Ta duba gindin dogon yaron da suka saba hutawa. Ba keke, ba mutum.

“Ka ga halin Yaya ko?” ta ce tana dariya. “Ya ce mu haɗu nan, ya wuce abinshi. So yake a ce ya riga mu shiga gari.”

Kalibu bai yi dariya ba.

Tun kafin ya gama tsayawa ya zaro waya daga aljihun bayan rigarsa. Ya kira. Ya saurara. Ya sake kira.

“Tana shiga?”

“Tana shiga. Bai ɗauka ba.”

“To ai mutum bisa keke ba ya jin waya.”

“Shamsu na ji.”

Ya jingine kekensa, ya hau kan simintin famfon yana leƙen gabas da yamma. Gero ya kai ƙarshen tsayinsa, zangarniya ta yi nauyi, daga jigawar nan zuwa waccan ba a hango komai sai kore yana kaɗawa. Ya haɗa tafuka a baki.

“Shamsuuu!”

Tsuntsaye suka tashi daga cikin geron. Ba amsa.

A lokacin Fadila ta lura da fuskarsa.

Kalibu ba mutum ba ne mai firgita. Ranar da sarƙar kekensa ta tsinke ya faɗi ya goge rabin cinya, waƙar coci ya riƙa yi ana wanke masa ciwon. Yau ga shi leɓensa ya bushe don kawai mutum bai ɗauki waya ba.

“Yaya Kalibu.”

“Na'am.”

“Sauko.”

“Bari in ƙara dubawa ta...”

“Ka sauko na ce, don Allah.”

Ya sauko. Bai yarda sun haɗa ido ba.

“In faci ya yi, ya iya liƙewa. In hanya ya ɓata, nan anka haife mu, zai hito. Mi kake tsoro?”

“Ba komi.”

“Dube ni ka ce ba komi.”

Ya dubi ruwa.

“Fadila, mu hau mu bi bayanshi. Magana ta jira.”

Ta jawo kekenta ta gitta shi a kan 'yar siririyar hanyar, ta tsaya a bayansa. Hagu kanal, dama gonar zogale. Ba ta inda zai bi.

“Ba mu motsawa sai ka hwaɗa mini.”

“Na yi mashi alkawari.”

“Ni kuma uwa ɗaya uba ɗaya muke.”

Ya cire kaskensa ya share goshi da bayan hannu. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauka sosai.

“Zuciya ce.”

“Zuciyar wa?”

“Watan jiya, hanyar Tsibiri, kusa da gonarmu. Muna hawan jigawa ya sulale bisa keke kamar an zare mashi rai. Na ɗauka ya mutu, Fadila. Na yi ta zuba mashi ruwa ina kiran sunanshi. Da ya farka ya ce rana ce.”



“Ranar da ya dawo da ciwo a haɓa? Da ya ce akuya ta gitta mashi?”

“Ranar.”

“Sai me?”

“Ya sake sulalewa. Sannan na ja shi da ƙarfi munka tahi likita. Anka yi mashi hoton zuciya. Dokta ya ce naman zuciyar ya yi kauri, in ya matsa mata da gudu tana iya tsayawa. Ya ce ya aje keke. Ba tsere ba, ko hawan atisaye.”

“Ya ce ya aje.”

“I.”

“Kuma yau da asuba kai ka buga mana ƙofa. Kai ka duba mashi iskar taya. Ina tsaye.”

“In ban biyo shi ba shi kaɗai zai hito! Kin san shi. Na roƙe shi, na yi fushi, har kwana biyu ban yi mashi magana ba. Ya ce wanga tsere kaɗai, in an zaɓe shi zuwa babban tseren Yamai ko ba a zaɓe shi ba, daga shi ya bari. Na ce gara ina kusa.”

“To ina kusan? Ga ka nan, shi yana ina?”

Kalibu ya rufe ido kamar ta mare shi.

Fadila ta kama hannun kekenta da ƙarfi har yatsunta suka yi zafi. Babansu ta gani a ranta. Yana tsaye a rumfarsa ta yadi a babbar kasuwa, yana auna wa wata mata shadda, ya dafe tebur, ya zame ƙasa. Kafin a samo mota ya cika. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ba wanda ya tambayi wani abu bayan haka.

“Irin na Baba ne?”

Ya kau da kai.

“Yaya Kalibu, irin na Baba ne?”

“Dokta ya tambayi yadda Baba ya rasu. Da Shamsu ya hwaɗa mashi, sai ya aje biro.”

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Su duka biyu suka zabura. Ta fizgo ta da sauri har ta kusa faɗawa kanal.

Inna ce.

Ta kalli Kalibu. Ya girgiza kai a hankali.

“Alo, Inna.”

“Fadila, kuna Jiratawa har yanzu?”

“Muna nan.”

“To ku taho mini da zogale ɗanye, mai kyau, ba wanda ya sha rana ba. Na kira yayanki bai ɗauka ba. Ba ni shi.”



“Ya... ya yi gaba kaɗan, Inna.”

“Muryarki fa? Lahiya?”

“Gudu muka yi.”

“Ku dai bi a hankali. Tun da na tashi gabana ke hwaɗuwa. Ki ce mashi ya kira ni.”

“To, Inna.”

Ta kashe. Hawaye ya zubo, ta goge shi da gefen hijabi tun kafin ya kai kumatu.

“Na yi wa Inna ƙarya saboda ku,” ta ce. “Hau mu tahi.”

*

Daga famfon hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi ta cikin gonakin gero ta hau jigawa, ɗaya ta bi gefen kanal. An yi yayyafi da asuba, ƙasar da laima. Fadila ta sunkuya tana dubawa.

Sawun moto. Sawun shanu. Sawun takalmin roba.

“Ga shi nan.”

Tayar Shamsu ba a ɓata ta. Sabuwa ce, mai ƙananan haƙora jere kamar na zarto, duk ƙungiyarsu shi kaɗai ke da irinta. Sawun ya wuce famfon bai ko tsaya ba, ya bi kanal.

Suka bi shi.

Tsakuwa na tsalle tana bugun ƙarfen keke. Hanyar ba ta fi faɗin mutum ɗaya ba, Fadila a gaba, Kalibu a baya. Suka wuce gonar albasa da aka fara gyara wa kunya, suka wuce rogo, suka wuce wasu mata masu tsinkar zogale da suka miƙe suna kallonsu. Kullum in sun biyo nan sai ta rage gudu ta shaƙi ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ɗaga wa matan hannu, su yi mata guɗa suna cewa ga mace bisa keken tsere. Yau ko kai ba ta ɗaga ba. Idonta na kan sawun.

Da fari a miƙe yake, kamar an ja shi da zare.

Can gaba ya fara karkata. Ya yi hagu har ya taɓa bakin siminti, ya dawo dama ya shiga ciyawa, ya sake dawowa.

“Ka gani?” ta ce ba tare da ta waiwaya ba.

“Na gani.”

“Nan ya sa ƙafa ƙasa. Ga sawun takalminshi.”

“Ya sake hawa. Ubangiji, don mi ya sake hawa?”

Hanyar ta yi kwana a bayan wasu itatuwan mangwaro. Fadila ta sha kwanar, sai ta ƙwala ihu.

Keken Shamsu na kwance, rabinsa a hanya, tayar gaba a rataye kan kanal. Gorar ruwansa ta gangara cikin ciyawa. Kaskensa mai ruwan ɗorawa na yawo a kan ruwa, ya maƙale a bakin wata 'yar ƙofar ƙarfe yana juyawa.

Ba ta san yadda ta sauka ba. Ta dai ji kekenta ya faɗi a bayanta.

“Yaya! Yaya Shamsu!”

Kalibu ya dira cikin kanal ɗin da takalminsa. Ruwan ko gwiwarsa bai kai ba, amma su duka sun san wanda ya suma ba sai ruwa ya yi zurfi ba. Ya riƙa tafiya yana lalube da hannu, yana leƙa ƙarƙashin gadar siminti, bakinsa na motsi da addu'a.

“Ba shi nan.”

“Duba gaba!”

“Na duba, ba shi nan!”

Ta kira lambar Shamsu. Ƙara ta tashi daga cikin 'yar jakar da ke ɗaure a ƙarƙashin sirdin kekensa. Ta zube a kan gwiwoyinta.

“Kai, ku yara! Ku ne mutanen mai rigar ɗorawa?”

Wani dattijo ne ya fito daga cikin zogale, da kwashen noma a kafaɗa. Wandonsa a jiƙe har cinya, gaban rigarsa duk laka. Fadila ta san fuskarsa. Malam Maman Lawali ne, mai gonar da ke ba su ruwan randa in sun biyo.

“Baba, yayana ne. Ina shi?”

“Ina buɗe wa albasa ruwa na ji ƙara. Na ɗago na ga ƙafahu sama, kai cikin kanal.”

“Innalillahi.”

“Na jawo shi. Nauyi gare shi, ɗiyata, Allah dai ya ba ni ƙarfi. Na kwantar da shi nan inda kike, na danna cikin, ya amayo ruwa.”

“Ya buɗe ido?”

“Bai buɗe ba.”

Kalibu ya fito daga ruwan yana ɗiga.

“Ina kunka kai shi, Baba?”

“Abdu maƙwabcina na nan da amalanke zai kai taki. Munka zubda takin munka ɗora shi. Sun yi likitar Jiratawa. Ni ƙafata ba ta bin shanu, shi ya sa na tsaya gadin keken.”

Fadila ta kama gefen rigar dattijon.

“Baba, don girman Allah ka hwaɗa mini gaskiya. Da rai?”

Ya dube ta.

“Sadda sunka tashi, ƙirjin na motsi. Abin da na gani ke nan. Ban ƙara miki ba, ban rage ba.”

Ta miƙe ta ɗauki kekenta.

“Ku bi ta cikin gonakin gero,” ya ce yana nuni da kwashen. “Ta hi kusa, amma akwai hawa.”

*

Fadila ba ta taɓa taka keke irin na wannan safiya ba.

Ta tashi tsaye kan feda, ta shiga hanyar jigawa. Rairayi na kama taya, tana fizgewa. Ganyen gero na marin fuskarta. Ta hau tudu ta gangara, wani ya sake tasowa, ta hau shi ba ta sauya giya ba. Numfashinta na fita da ƙara. Ba abin da take ji sai la'ilaha illallahu da ke fita daga bakinta tana maimaitawa.

“Fadila!”

Muryar Kalibu daga baya, nesa.

“Fadila, rage gudu! Don Allah ki rage!”

Ba ta waiwaya ba. Wanda ya bar yayanta ya hau keke da ciwon zuciya, shi zai ce mata ta rage?

“Ki tsaya in gaya miki wani abu! Fadila!”

Ta ƙara taka.

Jar hanya ta bayyana, sai gidajen farko na Jiratawa, sai katangar likita. A bakin ƙofa ga amalanke, shanu biyu na tsaye suna tuƙa, katakon bayansa a jiƙe. Ta saki keken ya faɗi, ta shiga da gudu.

“Mai keke! Wanda anka kawo yanzu!”

Wata mace mai farar riga da tabarau ta fito daga ɗakin da ke ƙarshen baranda. Madam Ruhama ce, majo, shugabar masu jinyar wurin.

“Ke wace ce tashi?”

“Ƙanwarshi.”

“Yi a hankali, kar ki yi mashi ihu bisa kai. Ya farfaɗo.”

Fadila ta dafa bango. Sai a lokacin kukan ya zo mata da gaske.

Shamsu na kwance, an yanke masa rigar, an sa masa ƙarin ruwa a hannu. Leɓensa ya yi toka. Goshinsa da auduga. Ya juyo da ido a hankali, ya gan ta, sai ya rufe su.

“Buɗe ido ka dube ni,” ta ce.

“Kalibu ya gaya miki.”

“Sai da na tsare mashi hanya. Yaya, mi munka yi maka? Inna ba ta gama kukan Baba ba, kai kuma kana son a kawo mata kai bisa amalanken taki?”

“Ki yahe mini.”

“Ban yahe ba. Sai ka tashi tukuna.”

Ya ɗan motsa baki kamar zai yi murmushi. Sai idonsa ya tsaya a kanta. Ya ga gumin da ya jiƙa hijabin, ya ga yadda kafaɗunta ke hawa da sauka. Fuskarsa ta sauya.

“Da mi kika zo?”

“Da keke mana.”

“Gudu kika yi?”

“To tahiya zan yi ana ce mini ba ka buɗe ido ba?”

Ya yunƙura zai tashi, majo ta danne kafaɗarsa.

“Kwanta, malam. Motar da za ta kai ka Maraɗi na hanya.”

A daidai nan Kalibu ya shigo, wandonsa na ɗigar ruwa, yana haki kamar zai faɗi. Shamsu ya zuba masa ido.

“Ka bar ta ta yi gudu?”

“Na yi ta kira, ba ta tsaya ba.”

“Ba ka gaya mata sauran ba?”

Fadila ta dubi wannan, ta dubi wancan.

“Wane saura?”

Shamsu ya juya fuska wajen bango.

“Na ce wane saura?”

Kalibu ya jingina da ƙofa ya sunkuyar da kai.

“Kai za ka hwaɗa da bakinka, Shamsu. Na ɗauki rabi, ba ni ɗaukar wanga.”

Hawaye ya gangaro daga gefen idon Shamsu zuwa kunnensa.

“Dokta ya ce abin gado ne. A jini yake. Ya ce duk wanda muke uba ɗaya in kawo shi a yi mashi hoto, kuma kar ya yi wani aikin ƙarfi kafin a duba.”

Fadila ta tsaya kamar ba da ita ake ba.

“Mu biyu ne kaɗai ga Baba,” ta ce a hankali.

“Na sani.”

“Tun watan jiya.”

“In na kai ki, za ki san nawa. Inna ta sani. A hana mu duka. Na ce bari tseren ya wuce, kin sha wahala kafin a yarda mace ta shiga, na ce...”

“Kullum da safe kai ke tada ni. Kai ke cewa ƙara taka, Fadila, ƙara taka.”

“Na ga lahiyarki lau. Wallahi kullum ina kallonki, na ga...”

“Kana kallo ka ga ko zan hwaɗi?”



Madam Ruhama, da ke tsaye tana jin su, ta ciro abin sauraren ƙirji daga wuyanta. Ta jawo kujera da ƙafa.

“Zauna nan, ƙanwata.”

“Madam, ni lahiyata lau. Shi za ki duba.”

“Na duba shi. Zauna.”

Ta zauna. Sai da ta zauna ta ji ɗakin na ɗan juyawa. Ta ce wa kanta gudu ne, ba ta karya kumallo ba, kowa ya yi irin wannan gudun sai ya ji haka.

Majo ta kama wuyan hannunta tana duban agogo. Ta saki. Ta zura ƙarfen ƙarƙashin hijabin ta ɗora shi a ƙirjinta. Sanyinsa ya sa Fadila ta ɗauke numfashi.

“Shaƙa. Saki. Kar ki yi magana.”

Ta matsar da shi ƙasa kaɗan. Ta saurara. Ta mayar da shi inda ta fara. Ta daɗe a wurin.

Shamsu ya ɗago kai daga matashi. Kalibu ya bar jikin ƙofa.

“Madam?” in ji Fadila. “Mi kika ji?”

Madam Ruhama ba ta dube ta ba. Ta cire abin daga kunnenta, ta leƙa baranda ta ɗaga murya tana kiran wani ma'aikaci.

“Hafizu! Sake kiran direban nan, ka ce ya yi sauri. Ka ce mashi mutum biyu ne.”